Muna biyan kuɗin makaranta, amma wa ya taɓa tambaya ko yaran sun iya karatu?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Garwa, kuma shekara huɗu ke nan asusun ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, na wata firamaren gwamnati da ke gefen gari yana hannuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shagona. Ɗan ƙanena, wanda ke ajin CM1, shekararsa ta biyar a makaranta, ya shigo ina kan keke, sai na miƙa masa takardar da aka ba ni a asibiti na ce ya karanta mini. Ya riƙe ta, ya zuba mata ido, bakinsa na motsi amma babu abin da ke fita. Da ƙyar ya haɗa kalma biyu. Wallahi ranar ban iya ƙarasa ɗinkin da ke gabana ba, domin ni ne nake tsayawa gaban iyaye duk watan Satumba ina cewa su kawo kuɗi.

Tun shekarar 2000 gwamnati ta ce firamare kyauta ce a Kamaru, amma kowane uba a nan arewa ya san inda kyautar ta tsaya. Mu ke biyan waɗanda ake kira malaman iyaye, mu ke gyaran benci, mu ke sayen alli idan ɗan kunshin kayan aikin da ake aiko wa makarantu ya makara. Idan iska ta kwashe rufi, mu ne. Saboda haka idan na ji manya a rediyo suna cewa al'umma ta shigo cikin harkar ilimi, nakan ce ai mun daɗe a ciki, da aljihunmu dai. Abin da ba mu shiga da shi ba shi ne idonmu da kunnenmu. A duk taron da muka yi, maganar nawa aka tara da nawa aka kashe ce ke cinye yini. Ban taɓa jin uba ya miƙe ya ce, yara nawa ne a CE2, wato aji huɗu, za su iya karanta layi uku ba tare da inda-inda ba? Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Abin mamaki, a makarantar allo ba ma yin wannan sakaci. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, shi kaɗai, baki da baki. Wanda ya riƙe ya ci gaba, wanda bai riƙe ba ya maimaita, ba ruwan malam da shekarunsa ko tsayinsa. Uwa da ba ta taɓa zama a aji ba ta san surar da ɗanta yake. To me ya sa da an ce boko sai mu naɗe hannu, mu jira takardar sakamako mai lambobin da yawancinmu ba mu san abin da suke nufi ba?

Wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatun koyarwa a Jami'ar Marwa ne ya buɗe mini ido. Ya ba ni labarin ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take tura masu sa kai gida gida da takarda guda: haruffa, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai gajeren labari. Cikin 'yan mintuna an san inda yaro ya tsaya. Daga nan sai a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba. Na ce masa ai wannan tsarin alaramma ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suka yi tare da abokan aikinsu a jihar Uttar Pradesh. Sun gano cewa tara mutanen ƙauye a faɗa musu halin da makarantarsu ke ciki bai sauya komai ba. Inda aka ga yara sun ƙaru a karatu shi ne inda aka koya wa matasan ƙauyen yadda za su zauna da yara su koyar da su da kansu. Wato taro da jawabi ba sa koya wa yaro harafi ko ɗaya, kuma mu a nan taro muka fi ƙwarewa a kai.

Mun gwada irin wannan takardar gwajin karatu a hutun da ya wuce. Daraktan makaranta, Allah ya saka masa, bai ɗauki abin a matsayin tonon asiri ba. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, 'yan sakandare na unguwa suka riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani ya sa wasu iyaye mata hawaye. Ba na ɗora wa malamai laifi. Mutum ɗaya a gaban aji cike maƙil, wani a ƙasa wani a taga, ga hakkinsa ba ya zuwa a kan kari, yaya zai san wanda aka bari a baya?

Akwai kuma maganar harshe. Yaro ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Tufuri ko Mundang, ranar farko a ajin SIL, wato aji ɗaya, a tarbe shi da Faransanci, a ce ya koyi harshen da karatun a lokaci guda. A gwajin karatu da lissafi na 'yan firamare da ake kira PASEC, na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe goma har da Kamaru da Chadi da Nijar, yaran Burundi ne suka yi zarra a azuzuwan farko, kuma da Kirundi ake fara koyar da su. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan: tun farkon shekarun 1980 marigayi Farfesa Maurice Tadadjeu ya soma gwajin koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, dokar ilimi ta 1998 ma ta ambaci raya su. Ina sakamakon ya shiga? Mu iyaye ba wanda ya zo ya faɗa mana.

Nan ne nake da kuka da masu bincike. An buɗe Jami'ar Marwa a 2008 da babbar makarantar horon malamai, ga ta Ngaundare, ga tamu ta Garwa da aka kafa a 2022. Ɗalibai na zuwa makarantunmu da takardun tambayoyi, mu ba su wurin zama da ruwan sanyi, su cike su tafi. Kundin ya ƙare a kan kanta cikin Faransancin da ko direban da ya kawo su ba zai gane ba. Ina roƙon shugabannin waɗannan jami'o'i su sa sharaɗi: duk wanda ya yi bincike a wata makaranta, ya koma can ya tsaya gaban iyaye da jauro, wato mai unguwa, da limami ya faɗi abin da ya gano da harshen da suke ji.

Su kuma iyayenmu sarakuna, lamido da lawanai, akwai aikin da ya fi ƙarfin APEE: yaran da ke kaiwa CM2, ajin ƙarshe, ba su da takardar haihuwa, a hana su zama jarrabawar kammala firamare ta CEP, sai an bi ta kotu. A fara ƙirga su tun suna SIL.

A makarantarmu mun yanke cewa daga bana za a ware wani abu daga asusu don karatun yamma sau uku a mako, kuma a taron ƙarshen zango za a fara da sakamakon gwajin karatu kafin a buɗe littafin kuɗi. Malam Edita, ina roƙon ku ba mu fili a shirinku, ku gayyato wani malamin jami'a da wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata su zauna tebur ɗaya. Duk makarantar da ke son takardar gwajin nan, ta aiko ta hannunku, zan buga mata da kuɗina.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani uba mai sauraronku,
Garwa, jihar Arewa, Kamaru