Amsa ga Malamin da ya tambaye ni kan fim ɗin yaro da mai shan jini

Assalamu alaikum Malam.

Ka tambaye ni a gaban jama'a cewa ta yaya ni da nake kiran kaina mai tarbiyyar yara zan ce iyaye su zauna da 'ya'yansu su kalli The Little Vampire, fim ɗin da yaro ke abota da mai shan jini, har ka ƙara da cewa ko biyana aka yi. Wallahi wannan ta ƙarshen ita ta fi yi min ciwo. Iyayen da suka ba ni amanar 'ya'yansu a aji tun kafin ka fara rubuce-rubucen nan naka suna nan da ransu, ka je ka tambaye su ko na taɓa sayar da tarbiyyar ɗan wani.

Kuma daga yadda ka yi maganar na gane ba ka kalli fim ɗin ba, hoton jikinsa kawai ka gani ka hau faɗa. Fim ne na shekarar 2000, Uli Edel ɗan Jamus ya ba da umarni, an ɗauko shi daga littattafan yara na Angela Sommer-Bodenburg, wata tsohuwar malamar makaranta a Jamus, da suka fara fitowa a 1979. Yaron, Tony, iyayensa sun taso da shi daga Kalifoniya zuwa Sikotilan, ba aboki ba kowa, 'yan ajinsu suna cin zalinsa, dare ya yi kuma mugayen mafarkai su hana shi barci, ya faɗa wa manya ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. A haka ya haɗu da Rudolph, yaro mai shan jini, wanda danginsa suka yi shekara 300 suna ɓuya a maƙabarta suna jiran dawowar wata tauraruwa mai wutsiya, burinsu ɗaya ne tak, su rabu da la'anar da ke kansu su koma mutane. Jinin mutum ma gudunsa suke, na shanu suke sha. Toh Malam a ina aka ƙawata mugunta a nan? Dangi ne da suka gaji da halin da suke ciki suna neman mafita, yaro ya tsaya musu, shi kuwa maharbin nan Rookery da ke bin su da mota mai manyan fitilu ko tausayin yaro ba shi da shi.

Batun aƙida kuwa, bamfaya, wato mai shan jinin nan, tatsuniyar gabashin Turai ce, yara sun san ƙarya ce kamar yadda muka san ta Dodo da Gizo a bakin kakanninmu, kuma ba mu tashi muna yaudara don Gizo ya yi ba. Maganar ban tsoro, eh akwai makara da duhu, shi ya sa tun farko na ce ban da ƙananan yara kuma babba ya zauna kusa.

Abin da ke damuna shi ne yaran unguwa na nan riƙe da wayoyin yayyensu suna kallon yankan kai da tsiraici a TikTok, ana tura musu finafinan tsoro na manya a shagunan caji da downlodin, ban taɓa ganin ka ce uffan ba. Sai da mace ta zaɓo fim ta tace shi da idonta sannan kishin tarbiyya ya motsa, kuma ni dai a ganina neman mabiya ne ya kawo ka kaina.

Fim ɗin bai kai awa biyu ba. Ka kalle shi, in ka ga wurin da ya ɓata tarbiyya ka faɗi wurin mu tattauna. Maganar kuɗi kuma dan Allah ka janye ta a inda ka faɗe ta.

Wassalam,
'yar'uwarka malamar firamare.