A riƙa tunawa da Ahmed Musa mana

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili, shafinku na wasanni kullum Real Madrid da Arsenal, namu na gida fa?

Ahmed Musa nake nufi, yaron Jos da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kaka guda, 2010 ya tafi VVV-Venlo a Holan, daga nan CSKA Moscow, sai Leicester a 2016 inda gaskiya abin bai karɓe shi ba, benci ya yi ta dannawa. Amma wa zai manta gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha? Muna gidan kallo a unguwarmu janareto na tari, ya zura wa Iceland ta farko, kafin mu gama ihu ya yanke gola ya ƙara ta biyu, wallahi har shayin mai shayi aka ɓarar. Ajantina ma biyu ya ɗura mata a kofin duniya na 2014 duk da an ci mu 3-2.

Kuma 2021 mutumin nan ya dawo ya sa rigar Pillars, bayan ya sha kuɗin Saudiyya a Al-Nassr. Ku aika wakilinku ya yi hira da shi mana, ko shafi ɗaya ne.

Naku,
Mai karatu daga Kano