Ranar da yaro ya shiga uku a waya, wa zai gaya wa?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da iyaye 'yan uwana a kan yara da waya. An sha rubutu a kan batun, amma galibi maganar ba ta wuce awa nawa yaro zai yi yana kallo da wace manhaja za a kulle masa ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ba kasafai ake taɓa shi ba, shi ne ranar da yaro ya gamu da mugun abu a cikin wayar nan, wa zai tunkara da maganar?

Zancen lokaci ba shi da wuyar fahimta. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Yaro a bakin mutum yake koyon magana, ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi dariya a mayar masa, bidiyo kuwa ba ya amsawa.

Wahalar tana farawa ne idan ya girma ya riƙe tasa wayar. Da yawanmu mun ɗauka shekara 13 da su Facebook da TikTok suka sa a matsayin ƙa'idar buɗe shafi wata shaida ce cewa ɗan shekara 13 ya isa shiga. Asalinta wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta taƙaita tattara bayanan yaran da ba su kai wannan shekarun ba sai da izinin iyaye. Kamfanonin sun kare kansu ne daga shari'a. Kuma ɗan shekara 9 ma zai wuce idan ya rubuta shekarar haihuwar yayansa. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san dandalinsa na Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Ostareliya ta gaji da jira, a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin waɗannan dandali. Saboda haka idan ɗanka ya kasa ajiye waya, kar ka yi saurin cewa taurin kai ne. An gina abin ne yadda bidiyo na ƙarewa wani zai tashi da kansa, shafin kuma ba shi da ƙarshe komai yawan jan yatsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yaro yana wasa a intanet, sai wani baƙo ya yi masa magana, da hoton yarinya sa'arsa. Ya yabi iya wasansa, ya tambaye shi makaranta, wani lokaci har ya yi masa 'yar kyauta. Can sai ya ce su koma hira su biyu. Ya turo hoton tsiraicin da ba nasa ba, ya ce kai ma turo naka. Da yaron ya tura, murya ta canza. Sai ga jerin sunayen abokansa da danginsa da aka kwafo daga shafinsa, da saƙo a ƙasa: turo kuɗi yanzu, ko kowa ya gani. A Disamban 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi a kan wannan damfara, ta ce yara fiye da 3,000 ta shafa cikin shekara guda, galibinsu maza 'yan shekara 14 zuwa 17, wasunsu kuma sun kashe kansu.

Mu duba da kyau, da me mugun nan yake riƙe yaron? Da tsoronmu yake riƙe shi. Ya san yaron ya gwammace komai a kan mahaifinsa ya ji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu ne kuma muke tsaga shi da hannunmu duk lokacin da yaro ya kawo mana ƙaramin abu, wani ya zage shi ko ya ga hoton banza ba da niyya ba, muka amsa da tsawa da ƙwace waya. Darasin da ya ɗauka shi ne gobe ya yi shiru. Ni dai ina ganin ya wajaba kowane uba da kowace uwa su zaunar da ɗansu tun kafin a ba shi waya, su faɗa masa ƙarara: "Duk abin da ya same ka a nan, ko da laifinka ne, zo ka gaya mini. Sai mun fitar da kai tukuna, faɗa ya biyo baya." Sannan ranar da ya zo, a cika alkawarin, ko da zuciya na tafasa.

Idan abin ya riga ya faru, kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Kada a goge hirar, a ɗauki hotonta a matsayin shaida, a toshe mutumin, a kai ƙararsa ga manhajar da kuma 'yan sanda. Akwai kuma wani tsari kyauta mai suna Take It Down, na NCMEC, cibiyar Amurka mai taimakon yaran da suka ɓata ko aka ci zarafinsu, wanda ke taimakawa a cire irin hotunan nan daga dandalin da suka shiga tsarin, ba tare da hoton ya bar wayar yaron ba.

Ba ina cewa a sakar wa yaro linzami ba ne. Waya kada ta kwana a ɗakinsa, domin matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, mugayen hirarrakin nan kuma sun fi samun wuri idan gida ya yi tsit. Makullan waya irin su Family Link na Google da Screen Time na Apple suna iyakance lokaci, suna hana sauke manhaja sai da izini. Amma a saita su a gaban yaron, a gaya masa dalili. Leƙen asiri a ɓoye, ranar da ya gano, wayar aboki zai koma, ka rasa gani ka kuma rasa amana.

Wani abin da muke mantawa shi ne ɗanmu ma zai iya zama mai cutar. Hoton ɗan ajinsu da aka ɗauka yana kuka, ana ta yaɗa shi a rukunin WhatsApp ana dariya, wanda ya tura gaba daidai yake da wanda ya ɗauka. A koya masa tambayar kansa ko mai hoton ya yarda. Mu ma tambayar ta hau kanmu, mu da muke sa hotunan 'ya'yanmu sanye da kayan makaranta, sunan makarantar a ƙirji, duniya na kallo. Uban da ɗansa ke ba shi labari yana amsawa da "uhm" idonsa na kan waya, da wane baki zai ce masa ya ajiye tasa?

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne jaridarku ta ware shafi ta nuna wa iyaye da hotuna yadda ake saita waɗannan makullai da yadda ake kai ƙarar mai barazana, domin da yawa cikinmu 'ya'yanmu ne ke gyara mana wayoyinmu. A kuma gayyato malaman makaranta da likitocin yara su amsa tambayoyin masu karatu.

Na gode.

Taku a kullum,
Wata uwa mai karanta jaridarku