Abin da ke sa wasan kiɗan rok ya zauna a ran mai kallo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wasan kiɗan rok, wato kiɗan zamani na jitar lantarki da ganguna, da ake yi gaban jama'a, domin duk sanda aka kawo labarin irin wannan taro, yawan 'yan kallo da walƙiyar fitilu kaɗai ake ambata. Masu zuwa wasannin nan kuwa sun san abin da ke sa su riƙa tuna dare ɗaya shekara da shekaru: sun ji kiɗan tsaf, an sa su cikin waƙar, kuma sun koma gida lafiya. Duk aikin mutane ne, ana iya gyarawa, ana iya ɓatawa.

Ji shi ne gaba. A ranar 15 ga Agusta 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea da ke New York, gaban mutum sama da 55,000. Amfilifayar jitarsu, wato na'urar ƙara mata sauti, wat 100 ce kacal, kayan sautin kuma sun yi wa filin kaɗan. Ihun jama'a ya danne komai, har su makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa suka daina yawon wasa a Agustan 1966. Tun daga lokacin injiniyoyin sauti ke kokawa da matsala guda: yadda na can baya zai ji daidai da na gaba ba tare da an kurmanta na gaban ba.

A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da nisa daga lasifika ya ninka, ƙarfin sauti kan ragu da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa ake rataye lasifikoki a jere daga sama zuwa ƙasa, jerin ya ɗan lanƙwashe, na sama su harba can nesa, na ƙasa su kula da sahun gaba. Idan filin ya yi tsawo sai a kafa ƙarin hasumiyar lasifika a tsakiyar jama'a, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska, amma cikin waya nan take yake isa. Hasumiyar da ke mita 60 daga dandamali dole a jinkirta ta da kimanin kashi 175 cikin 1,000 na daƙiƙa, domin sautinta ya haɗu da wanda ke tahowa daga gaba. In ba a yi lissafin nan ba, kowane bugun ganga sau biyu mai kallo zai ji shi, kalmomin waƙa kuma su cakuɗe.

Gwajin sauti da ake yi da rana yana da tsarinsa. Da gangar ƙafa ake farawa, sai sauran ganguna, sai jitar bas mai sautin ƙasa-ƙasa, sai sauran jita, murya a ƙarshe, sannan a haɗa su duka a waƙa ɗaya ko biyu. Amma zauren da babu kowa yana amsa kuwwa, jikin mutane da tufafinsu kuwa suna shanye sauti. Don haka abin da ya yi daɗi da la'asar kan canza bayan an cika, kuma gwanin injiniya a cikin waƙoƙi biyu ko uku na farko yake sake daidaita komai. Ƙarar nan mai tsinin gaske da kan ɓarke a tsakiyar wasa kuma ba ta rasa dalili: makirufo ne ya tsinci sautin lasifikar da ke gaban mawaƙi, ya mayar mata, ita ma ta mayar masa. Maganinta shi ne a juya wa lasifikar bayan makirufon, a rage zangon sautin da ke ihun, ko mawaƙi ya koma jin kansa ta 'yar na'urar cikin kunne. Shawara ga mai kallo: ya tsaya kusa da teburin injiniya, wanda galibi ke tsakiyar fili. Abin da injiniyan ke ji a wurin shi yake gyarawa.

Akwai masu ganin cewa daɗin rok a tsananin ƙara yake. Ban yarda ba. Dukan da ake ji a ƙirji daga sautin ƙasa-ƙasa yake fitowa, wanda kaɗawarsa ba ta kai sau 100 a daƙiƙa ba, kuma manyan lasifikokin da ake jerawa a ƙasa ne ke ba da shi. Ana samunsa ba sai an ƙure komai ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Wanda ya kwana kunnensa na shuwi ya riga ya taɓa lafiyarsa, kuma ƙwayoyin ji idan sun mutu ba sa farfaɗowa. Abin toshe kunne irin na makaɗa yana rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da ya dusashe waƙar ba, ya fi na soso wanda ke cinye sautin sama.

Idan ji ya samu, saura a jawo jama'a ciki. Jerin waƙoƙi ba a jefa shi haka kawai. Akan buɗe da biyu ko uku masu zafi a jere ba surutu, a sassauta a tsakiya don makaɗa da 'yan kallo su numfasa, a ajiye wadda kowa ya haddace sai ƙarshe. Sababbin waƙoƙi uku a jere kan kashe wa taro jiki, haka ma shirun da kan biyo baya idan mai jita ya tsaya gyaran tsirkiya, shi ya sa ake ajiye mutum a gefe da wata jitar a ɗaure, a shirye. Dubi abin da makaɗan ƙungiyar Queen suka yi a taron kiɗan agaji na Live Aid a filin Wembley na Landan ranar 13 ga Yuli 1985. Minti 21 ne kawai, da sauran hasken rana, babu wasan fitilu, kuma mutum 72,000 ɗin ba don su kaɗai suka zo ba. Sun gutsure waƙoƙinsu don su shiga lokacin, suka zaɓi masu amshi da tafi, mawaƙinsu Freddie Mercury kuma ya tsaya yana jefa wa jama'a murya suna mayar masa. Har yau ana lissafa wannan cikin wasannin rok mafi ƙayatarwa, saboda duk wanda ke filin ya ji da bakinsa aka yi. Mai ɗaga waya tun farko har ƙarshe wannan rabon yake bari ya wuce shi.

Batun lafiya kuwa ba na wasa ba ne. A Cincinnati ta Amurka, ranar 3 ga Disamba 1979, mutum 11 suka mutu a turmutsutsun shiga wasan ƙungiyar The Who: yawancin tikitin ba su da lambar kujera, ƙofofin da aka buɗe kaɗan ne, jama'a kuma suka jiyo kiɗa daga ciki suka ɗauka an fara. A bikin Roskilde na Denmark a 2000, mutum 9 suka rasu a matsin gaban dandamali. A 2003 tartsatsin wutar ado ya kama soson da aka manna a bangon wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka halaka, da yawa a ƙofar da suka shigo ta cikinta, alhali akwai wasu ƙofofin.

Da zarar mutane sun haura biyar a murabba'in mita ɗaya, mutum ba ya iya sarrafa inda jikinsa zai nufa, kuma yawancin masu mutuwa a irin wannan hali numfashi ne ke gagararsu, a tsaye. Don haka masu shiri su buɗe ƙofofi da wuri, su raba filin gida-gida da shinge, su bar rata tsakanin dandamali da sahun farko inda ma'aikata za su riƙa miƙa ruwa suna ciro wanda ya galabaita. Mai kallo da shigarsa ya nemi ƙofar fita ta biyu. In matsi ya taso ya dunƙule hannuwa a gaban ƙirji, kada ya sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi, ya riƙa zamewa gefe a hankali maimakon ya yi karo da turin. Sannan tun kafin a fara a fayyace wanda ke da ikon tsayar da wasa, a haɗa shi da mawaƙi kai tsaye, domin idan aka kunna fitilun fili, mawaƙi ya ce kowa ya ja baya taku uku, jama'a sun fi jin maganarsa a kan ta kowane mai gadi.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum