Wasiƙar Godiya ga Sashen Yara na Ɗakin Karatu

Zuwa ga Hajiya shugabar sashen yara na ɗakin karatu na jama'a, da ma'aikatanta baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin yaba kyauta tukwici, kuma domin sauran malamai su san irin taimakon da ake samu a wurinku.

A zangon da ya wuce na koyar da ɗalibaina na aji biyu na ƙaramar sakandare wani ƙagaggen labari na bincike, irin wanda ake tafka ta'asa a farkon littafi, yara su yi ta bin sawu har asiri ya tonu. Kwafi kaɗan na zo nema, don ban zaci za a samu fiye da haka ba. Ke kika ce, Hajiya, irin wannan littafi ba a jin sa daga bakin malami kaɗai, dole kowane yaro ya riƙe nasa, saboda rabin aikin a komawa baya yake. Kuka tattaro daga sauran rassanku har kowa ya samu, kuka tsawaita wa'adin aro zuwa ƙarshen zango, kuka nemo mai manyan baƙaƙe saboda yarinyar da ke fama da ido.

Sai da muka yi nisa na ga amfanin wannan magana. Yara masu shekara 12 zuwa 13 akwai su da saurin yanke hukunci. Tun a babi na biyu aji ya rabu, kowa ya kama wanda yake zargi, galibi don kawai mutumin yana da ɗaure fuska. Da littafi a hannun kowa, sai na kafa doka ɗaya: duk wanda ya zargi wani, ya faɗi shafi. "Malam, wallahi mai gadin ne!" Wane shafi? Nan take za ka ji ajin ya cika da ƙarar takarda. Wata rana wani yaro da ba ya son a tashe shi karatu ya ɗaga hannu, ya ce mai gadin ya shaida cewa ya kulle ƙofa kafin a fara ruwa, amma can baya marubucin ya ce takalminsa a jiƙe yake lokacin da yake rataye makulli. Ya karanto wuraren biyu da kansa, yana bin layi da yatsa. Daga baya ta bayyana mai gadin ba shi ne ɓarawon ba, wani abu dabam yake ɓoyewa, marubucin ya sa shi ne don ɓad da sawu. Yaron ya ji haushi ƙwarai. Ni kuwa na ji daɗi, domin abin da ya yi shi ne abin da muke shan wahalar koyarwa a darasin auna fahimta: haɗa magana biyu da ke nesa da juna, a fito da ta uku wadda ba a rubuta ba.

Godiya ta musamman ga malamin da ke kula da kundin littattafanku. Shi ya nuna mini ƙa'idoji 10 na rubuta labarin bincike da Ronald Knox, marubuci ɗan Ingila, ya wallafa a 1929. Ba duka muka ɗauka ba, akwai wadda ke ɗauke da ƙyamar wata al'umma, muka bar ta a inda take. Huɗu muka rubuta a allo: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a warware matsala da aljanu ko sihiri, ba a yarda sa'a kawai ta taimaki mai bincike ba, kuma duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu. Waɗannan ƙa'idoji sun mai da yara alƙalan marubucin. Da muka kai ƙarshe, sai da suka koma suka bincika ko ya yi musu adalci, kuma an yi musu sosai a kan wata wasiƙa da wasu suka ce an makara wajen fito da ita. Har yau ina ganin masu ƙorafin suna da gaskiya.

Dabarar ɗaure babi uku na ƙarshe da roba ma daga wurinku ta fito. Ba ta hana kowa leƙawa ba, don na san waɗanda suka leƙa, shirunsu ya yi yawa. Amma ta sa masu leƙen sun riƙe bakinsu, wannan kuwa ya ishe ni.

Ranar da muka kawo ziyara, kun shirya tebur da ya nuna wa yara cewa wannan fanni yana da asali: Edgar Allan Poe na Amurka, wanda ake danganta farkon labarin bincike na zamani da shi a 1841; Arthur Conan Doyle da ya ƙirƙiro mai binciken nan Sherlock Holmes a 1887; da Erich Kästner na Jamus, wanda a 1929 ya rubuta labarin da yara ne da kansu suke farautar ɓarawo a birnin Berlin. Akwai masu ganin irin waɗannan littattafai na rage dare ne kawai, ba adabin da za a kai aji ba. Da sun ga layin da yarana suka yi don yankar katin aro a ranar, da sun sassauta.

Roƙona ɗaya ne. In hali ya yi, a ajiye wannan tarin kwafi wuri guda kada a sake rarraba su, domin malamar aji ɗaya ta riga ta tambaye ni yadda za ta same su a zango mai zuwa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa wannan sashe albarka.

Naku,
Malamin adabi, ƙaramar sakandare