Amsa ga Baba Alhaji kan jan fentin da aka sa wa filinsa

Assalamu alaikum Baba. A taron unguwa na ranar Asabar kun miƙe kun tambaye ni, a matsayina na ma'aikacin tsara gari, a gaban jama'a: kakanninmu sun zauna Birnin Kebbi ba injiniya ba taswira, ruwa bai ci su ba, to don me yau ake shafa wa filin mutum jan fenti a ce hanyar ruwa ce? Lokaci bai bari na amsa ba, kuma tambayar ta hana ni sakat.

Baba, ai kakannin nan sun fi mu tsara gari. Ku dubi inda suka kafa tsohon gari: kan tudu, suka bar wa gulbi fadamarsa, ana noma shinkafa. Inda suka haƙi ƙasar gini kuwa ya zama kududdufi, ruwan unguwa duk can yake taruwa, ya tsotse a hankali. Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 garin ke ta faɗaɗa, fili ya yi tsada. Muka cike kududdufai da shara, dillalai suka yanka su fuloti-fuloti, muka malale tsakar gida da siminti. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, yanzu titi yake fitowa gaba ɗaya, ya tarar da kwalbati cike da leda da yashi.

Na shiga wani gida bayan ruwan dare ɗaya. Tabon ruwa a bango ya kai mini ƙugu. Matar gidan tana shanya littattafan 'ya'yanta a kan katanga, buhun gero ya kumbura har ya fara tsiro. A kan tsohon kududdufi aka gina gidan, kuma mai shi da guminsa ya saya, kamar ku.

Ga kuma ruwan da gulbi ke kawo mana daga nesa. Madatsar Goronyo da ta Bakolori duk gulbinmu suke zubowa. Kun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa da gadoji a jihar nan, kun ji na Maiduguri a 2024. Shi ya sa aikinmu ya sauya. Da, mu ja layin titi mu raba filaye, shi ke nan. Yanzu sai mun fara bin sawun ruwa, mu ware masa wurin kwana, mu faɗaɗa magudana, mu ce a ɗaga fandisho, kafin a aza bulo ko ɗaya.

Amma inda kuke da gaskiya ba zan ɓoye ba. A shafa wa talaka fenti ba a ba shi wani fili ko diyya ba, zalunci ne. A rushe ɗakin mai ƙaramin ƙarfi a tsallake katangar mai hali da ta toshe magudana ɗaya, wannan ma zalunci ne, kuma shi ke sa mutane ba su yarda da mu.

Roƙona, kada ku zuba yashi tukuna. In aka yi ruwan farko mai ƙarfi ku aiko yaro ya kira ni, mu tsaya a bakin filin tare mu ga inda ruwan ya bi. Takardunku kuma ku riƙo su, ni zan raka ku neman musanya.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanku, ma'aikacin tsara gari, Birnin Kebbi