Wasiƙa daga Jos: na ga inda ake noman gishiri

Gangare, Jos
9 ga Fabrairu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Agadas. Mu nan lafiya lau, sai sanyin Jos da ka sani, wanda bana ya zo da ƙarfinsa. Da asuba in ka taɓa ruwan buta sai ka ji kamar an yanke ka da reza. Inna na gaishe ka da kyau, kullum sai ta tambayi yaushe za ka kawo mata jikokinta ta gan su.

Ka yi haƙuri da shirun da na yi kwana biyu. Tafiya ce ta kama ni zuwa Gana a watan jiya, bikin 'yar Kawu da ke zaune a Ashaiman, kusa da Tema. Labarin biki sai mun yi waya. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne, kuma na san kai ne za ka saurare ni har ƙarshe, tunda a gindin kantun gishiri ka girma, a rumfar marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa. Na ga inda ake noman gishiri da idona.

Kwana biyu bayan ɗaurin aure, wani ƙanen ango da ke jigilar gishiri a mota ya ce in raka shi Ada. Garin yana gabas da Akra, ta hanyar da ta nufi Aflao da Lome, kusa da inda kogin Bolta ke zuba cikin teku. Muka sauka daga kwalta a Sege, muka bi hanyar ƙasa, sai ga wani fili fari fat, iya ganinka, yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai. Sunan tafkin Songor. Siririn tudun yashi ne ya raba shi da teku, ruwansa na gishiri ne, kuma ba shi da zurfi, shimfiɗe yake kamar faranti. Da rani rana da iska su yi ta shan ruwan har ya ƙafe, ya bar gishiri kwance a ƙasa.

Da gangan na ce noma. Ka tuna lambunan bakin kogin Dilimi da muke ratsawa muna yara, yadda ake yanka su fangali-fangali? Haka na tarar a gefen tafkin. Mutum ya share wuri, ya daidaita shi, ya daɓe ƙasan, ya kewaye shi da kunyar laka, sannan ya jawo ruwa da injin ban ruwa irin na masu tumatir ɗinmu. Su a yarensu atsiakpo suke kiran waɗannan fangali. Ba iri, ba taki, ba feshi. In ya zuba ruwa, abin da ya rage masa shi ne jira da duban sama.

Lissafin abin shi ya fi tsaya mini a rai. A lita 1 ta ruwan teku, wato ledar fiya wata biyu, akwai gishiri da danginsa kamar giram 35, wajen cokali biyu ke nan. Daga ciki wanda ake ci bai wuce giram 27 ba. Ka ga kafin a cika buhu mai kilo 50, sai rana ta shanye ruwa kusan lita 2,000, duro 10 cur. Kuma gishiri ba ya soma fitowa sai kashi tara cikin goma na ruwan ya tafi. Yana da tsari a fitowarsa, ba a ruɗe yake zuwa ba. Da farko wani farin gari mai kama da alli ke kwanciya, sai dutsen nan da ake yin fiyofi na silin da shi, sai gishirin miya ya biyo baya. Ruwan da ya rage bayan nan ɗaci gare shi ƙwarai. Wanda ya yi gaggawa ya kwashi laka da alli, wanda ya yi sakaci har fangali ya bushe ƙurmus ya kwashi gishiri mai bauri. Gwani shi ne wanda ya san ranar da zai shiga, kuma da ido da harshe yake ganewa.

Wata dattijuwa na tsaya a kanta na daɗe. Ta kai sa'ar Inna a shekaru. Tana tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu, a sunkuye, tana kankaro gishiri tana tara shi tsibi-tsibi, sannan ta zuba a kwando ta girgiza shi cikin ruwan wurin har laka ta fita, ta juye a daro. In daro ya cika, wata yarinya ta ɗora mata a kan gammo, ta taka a hankali zuwa tudu inda ake tarawa. Na tuɓe takalmi na shiga don in gani kusa. Ina da ɗan faso a diddige saboda hunturu, wallahi sai da hawaye ya zo mini don raɗaɗi. Da na dubi ƙafafunta sai na yi shiru: duk sun tsattsage, gefen kowace tsaga ya yi fari, kuma tun hantsi take ciki. Ba ma jin yaren juna. Ta damƙo gishiri ta zuba mini a tafin hannu, ta yi mini alama in ɗanɗana. Yana da ɗumi, da sauran danshi, ƙwayoyinsa manya kamar tsakin masara. Na sa ɗaya a baka, ya narke a hankali, ba ya yankan harshe kamar na leda.

Muna tsaye sai iska ta taso daga arewa, busasshiya, da ɗan hazonta. Na gane ta nan take, kamar ka haɗu da ɗan unguwarku a baƙon gari. Hunturunmu ne. Iskar da ta bi ta kanku a Agadas, ta zo ta fasa mana leɓe a Jos, ta sa yara tari, ita ce ke isa bakin teku a gajiye ta nunar musu da amfanin gona. Mu muna ƙorafi da ita, su suna murna. Direban ya ce shekarar da hunturu ya yi ƙarfi, shekarar gishiri ce. Hadari kuwa shi ne abin tsoronsu. Mu a nan in Afrilu ya kama ido na sama ana roƙon ruwa, su kuwa ruwan sama guda ɗaya a tsakiyar rani ya isa ya narkar da aikin makonni, a koma farko. Shi ya sa ko'ina ka duba tsibin gishiri ne a lulluɓe da tamfol ko ciyawa.

A nan ne karin maganar da Baba ke yawan yi ya dawo mini, cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Da ina ɗaukarsa magana ce kawai ta manya. Ashe wanda ya fara faɗinta ya san kayan biyu ciki da bai. Kuma abin mamaki, a Sanagal akwai wani tafki kusa da Dakar mai ruwa ja-ja, Lak Roz, inda masu haƙar gishiri ke shafe jikinsu da man kaɗe kafin su shiga, don kada gishiri ya cinye musu fata. A 2022 ambaliya ta kwararo cikinsa, ruwan ya salance, launin ya gushe, sana'ar mutane ta tsaya cik na wani lokaci.

Duk tsawon hanyar dawowa ina ta kwatanta abin da naku. Gishirin Bilma da Fashi da ayarin raƙuma ke kawo muku ta cikin hamadar Tenere, shi ma ai rana ce ke dafa shi a ramuka, sai dai ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Beza na miya, kantu na dabbobi, kamar yadda Baba ya koya mana. Namu na kusa kuwa, na Keana, wanda yake cikin jihar Filato kafin a yanke Nasarawa a 1996, mata ne ke tace ƙasar gishiri su dafa ruwan a wuta. Ka yi tunanin itacen da hakan ke ci da hayaƙin da suke sha, alhali a Ada rana ce ke yin aikin kyauta. Wani dattijo a zangon Ashaiman ya ƙara mini da cewa gishirin Ada ba baƙon Bahaushe ba ne. A da cikin kwale-kwale ake hawa da shi kogin Bolta zuwa Kete Karachi da kasuwannin ƙasar Gwanja, inda fatakenmu ke zuwa sayen goro a Salaga. Wato kakanninmu sun ci na sahara, sun ci na teku.

Akwai abin da ya dame ni, ba zan ɓoye maka ba. Tsofaffin wurin sun ce a da tafkin na kowa ne, in gishiri ya nuna aka buɗe, mai ƙarfi da marar ƙarfi kowa ya shiga ya ɗebi rabonsa. Da masu hali suka soma yanka fangali suna janye ruwa, mata da yawa suka koma 'yan ƙwadago a wurin da iyayensu ke ɗiba kyauta. A 1985 har rai aka rasa, wata mata mai juna biyu harsashi ya same ta a rikicin gishirin. A 2020 kuma gwamnati ta ba wani kamfani hayar tafkin, ana ta ja-in-ja tun daga lokacin. Ni baƙo ne, yini ɗaya na yi, amma na ga abin da ake biyan mai ɗaukar daro, na kuma san kuɗin buhu in ya iso kasuwa. A Faransa akwai wani gari, Gerand, inda har yau da katako da hannu ake kwasar gishiri, kuma ɓawon da ke tasowa a saman ruwa, wanda suke kira furen gishiri, a ƙananan kwalabe ake sayar da shi da tsada. Ranar ɗaya ce, tekun ɗaya ne, wahalar ma ɗaya. Ina ganin dattijuwar nan ta cancanci fiye da abin da take samu, nesa ba kusa ba.

Na taho da rabin buhu. Inna ta ɗanɗana ta yi jim, ta ce rabonta da gishiri mai wannan ɗanɗano tun tana amarya. Maman yara ta daka kaɗan a turmi ta yi mana miyar kuka da shi. Yaran kuma na narkar musu da cokali uku a ruwa, muka zuba a baƙin faranti muka ɗora a kan rufin kwano. Kwana huɗu autana na hawa kujera yana leƙawa. Ran na biyar ya shigo da gudu yana kira na. Ruwa ya tafi, farantin cike da 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu daidai wa daida, kamar an yanka su da wuƙa. Ya ce wa ya gyara su haka? Na ce Wanda ya yi rana da iska.

Sai dai na gaya wa Maman yara kada ta ajiye na leda. Gishirin teku ɗanye kusan ba shi da aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, mu kuwa mutanen tudu ne, nesa da teku da kifinsa, kuma kai shaida ne kan yawan masu maƙoƙo da muke gani a ƙauyukan kan dutse muna yara. Tun 1993 da aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya abin ya ja baya sosai. Don haka na Ada na miyar Juma'a ne da baƙi, na yau da kullum kuwa mai aidin.

Na ware maka tiya ɗaya, na ƙulle a leda biyu saboda danshi. Zan ba direban Kano ya miƙa wa masu motar Damagaram, in ya taso zan kira ka da lambarsa. Kai kuma don Allah ka nemo mini beza mai kyau ko da mudu ne, da ɗan gutsuren kantu, ina so in jera su gaban yaran nan su ga na sahara kusa da na teku. In ka samu wani cikin madugan ayarin, tambaye shi kwana nawa ramin Bilma ke ɗauka kafin ya nuna, ka rubuto mini.

Ka gaida uwargida da yara, da maƙwabcinka mai shayi da ya karɓe ni hannu biyu wancan zuwan. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Gangare